Hotunan kakana na gadar jirgi: anya wannan Kaduna ce?

Jikan Direba:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimako nake nema wajen waɗanda suka san Kaduna tun da can, musamman dattawanmu da suka yi aikin reluwe ko suka tashi a kwatas ɗin ma'aikata.

Watan jiya ruwan sama ya yi mana ta'adi a tsohon gidanmu na Tudun Wada. Ɗakin marigayiya kakarmu ya yi yoyo, dole muka kwashe kayan da suka fi shekara goma ba wanda ya taɓa. A can ƙasan adakarta, ƙarƙashin zannuwa, na ci karo da wani gwangwanin biskit da tsatsa ta kama murfinsa, sai da na sa bakin wuƙa ya buɗu. Ciki akwai rasit-rasit na haraji, da katin awo na asibiti, da hotuna 14 baƙi da fari. An ɗaure su da robar da ta narke ta manne a jikin na sama.

Kakana na wajen uwa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Da zuba wa jirgi kwal ya fara, daga baya ya zama direba. Ban yi wayo na san shi ba. Abin da mahaifiyata take yawan ba mu labari shi ne yakan dawo gida baƙi wuluk, idanu da haƙora kawai ake gani, sai an dafa masa ruwa bokiti biyu. Ta ce kuma in ya taso daga kudu zai hau gadar kogi, yana da wata busa tasa daban, doguwa ɗaya da gajeru biyu. Kakarmu na jin ta sai ta ɗora tukunyar tuwo. Mu dai dariya muke yi, don ban ga yadda za a ji busar jirgi daga bakin kogi har tsakar gidanmu ba.

Goma daga cikin hotunan na biki ne da suna. Huɗu ne suka hana ni barci.

Na farko, kakana ne tsaye a jikin kan jirgi mai kwal, da gajeren wando da hula, hannunsa ɗaya a kan ƙarfen hawa. Akwai wani allon ƙarfe a gefen jirgin, ana iya karanta kalmar River, amma sauran sunan kafaɗarsa ta rufe. Shi ya sa na fara tunanin ko a bakin kogi aka ɗauka.

Na biyu shi ne ainihin abin da ya kawo ni. An ɗauke shi daga ƙasa, daga cikin kogi. Gadar ƙarfe ce can sama, jirgi na kai yana tuƙa hayaƙi, taragai na biye. Ƙarƙashi duwatsu ne manya-manya, ruwan ya matse a tsakaninsu, ga wani mutum a kwalekwale ya ɗaga kai yana kallon jirgin. A baya an rubuta da fensir, da Turanci, cewa gadar Kogin Kaduna ce. To ni a garin nan aka haife ni, na haye kogin nan ta wajen sitadiyam ya fi a ƙirga, ina leƙen gadar jirgi ta tagar bas. Kogin da na sani mai faɗi ne, shimfiɗe, da tsibirai da ciyayi da rani. Wannan kuwa kamar cikin kwazazzabo. Ko dai garin ne ya canza haka, ko idona ne?

Na uku titi ne, mutane a kan kekuna sun cika shi maƙil, da wata babbar mota mai bodin katako da ƙananan motoci biyu. Can nesa ana hango ƙarafan gada. Ba rubutu a baya.

Na huɗu kakata ce tana budurwar amarya, tsaye a kan wata 'yar gadar ƙarfe ta ƙafa, ta dafa ƙarfen gefe kamar tana tsoron kada ya kuɓuce mata.

Akwai kuma wani kati, irin wanda ake aikawa ta gidan waya, da alama ya girmi sauran nesa ba kusa ba. Leburori ne a jere da kwanduna a ka suna zuba ƙasa, wani Bature da hular kwano yana tsaye gefe. Wannan na yi wauta da shi. Na kai wani shagon hoto don a wanke mini babba, yaron shagon ya ce bari ya lulluɓe shi da roba ya daɗe. Zafin injin ya ƙona gefe ɗaya, fuskokin mutum uku suka tafi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, amma laifina ne da ban tambayi kowa ba.

Tambayata: wace gada ce a hoto na biyu, kuma ta yaya mutum zai gane shekarun da aka ɗauki irin waɗannan hotuna in ba a rubuta ba?

Tsohon Ɗan Reluwe:

Wa alaikumus salam. Jikata ce take rubuta mini, ni idon ya yi rauni, amma ta buɗa mini hotunan a waya na gani.

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka. Duk wanda ya riƙe shebur a kan jirgi ya ci wuya. Gabanka wuta, bayanka iska, ƙasa na rawa, kuma ba zuba kwal kawai ba ne, sai ka san kusurwar da za ka watsa shi, in ba haka ba wutar ta kwanta tururi ya faɗi a tsakiyar hawa, direba ya yi maka wankin babban bargo. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi. Ruwa kuwa sai an tsaya a tashoshin da ke da tanki an shayar da jirgi kamar doki.

Allon nan da ka gani ba ya nufin a bakin kogi aka ɗauki hoton. Sunan jirgin ne. Akwai wani rukunin kawunan jirgi da aka fara kawowa daga Ingila a 1948, kowanne an raɗa masa sunan wani kogi. Mu da sunayen muke kiransu, kamar mutane, kuma kowanne da halinsa. Wani ga cin kwal, wani ga santsi in an yi ruwa. Saboda haka hotonka na farko bai riga 1948 ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma kada ka ce da zuwan dizal aka daina kwal. Dizal ya fara shigowa a 1955, amma masu kwal sun ci gaba da jan kaya har cikin shekarun 1970.

Hoto na biyu kuwa, idonka lafiya lau. Abin da yaran yanzu ba su sani ba, dogo ya haye Kogin Kaduna a wuri biyu ne a kan hanyar Legas zuwa Kano. In ka taso daga Jebba za ka haye shi a Zungeru, ka shiga Minna, sannan ka sake haye shi a nan garin Kaduna. Kogi ɗaya, gada biyu. A Zungeru ne ruwan yake matsewa cikin duwatsu kamar yadda ka kwatanta. Wanda ya rubuta gadar Kogin Kaduna bai yi ƙarya ba, kai ne ka karanta masa garin Kaduna. Ban rantse ba, amma in da caca halal ce da na sa hulata a kan Zungeru.

Batun busa, kada ka ƙara yi wa mahaifiyarka dariya. Lokacin ba janareta, ba babura, gari na yin tsit bayan isha'i. Kowace matar direba ta san busar mijinta.

Malamar Tarihi:

Baba ya gama magana a kan gada, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗan ƙara wa ƙanena abin da zai riƙa auna hotuna da shi.

Ka koma hoto na uku ka duba hannun da motocin suke bi. Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama ranar 2 ga Afrilu 1972. In motocin na hagu, hoton ya riga wannan rana. Sai dai ka yi hattara, wani lokaci mai wanki yakan kifa fim ɗin hoto ya fito a juye, don haka ka nemi wani rubutu a jikin mota ko allo ka ga ko daidai yake karantuwa. Tarin kekunan nan kuma ni sun yi mini kama da tashin ma'aikatan masaƙa. Masaƙar farko ta Kakuri, a kudancin kogi, a 1957 ta fara aiki, wasu suka biyo baya, kuma da yawan ma'aikatan a arewacin kogi suke kwana, kullum sai sun haye. In haka ne, ka samu tsakanin 1957 da 1972. Ba shekara ɗaya ba ce, amma an rage nisa.

'Yar gadar da kakarka ta tsaya a kai, ina kyautata zaton gadar Lugga ce, wato Gwamna Lugard, da ke cikin lambun Gamji, wanda yanzu ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina. Abin dariyar shi ne ita ma 'yar Zungeru ce. A can aka kafa ta a 1904 lokacin Zungeru ce hedikwatar Arewa, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna, aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Tana nan, ka je da hoton ka gwada ƙarafan.

Katin da aka ƙona maka shi ya fi ba ni tausayi. Dogon Baro zuwa Kano an fara shi a 1907 zamanin Gwamna Girouard, ya isa Kano a 1911, tsawonsa ya haura mil 350. Ƙarafan ta Kogin Kwara aka riƙa hauro da su a jirgin ruwa zuwa Baro in ruwa ya cika. Ƙasar da aka tara aka ɗora dogon a kai kuwa, da kwando aka ɗebe ta, a kan mutanen da aka karɓo ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Garin Kaduna kansa bayan dogon ya zo. Sai da jirgi ya riga ya haye kogin sannan Turawa suka zaɓi wurin, hedikwata ta baro Zungeru ta tare a 1917. Layin gabas da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927, shi ya mai da tashar kudancin kogi mahaɗa. Ba zan ce katinka na aikin Baro ba ne, don an yi irin wannan aiki a layuka da yawa bayansa, har na Kaura Namoda da na Nguru. Amma na lura da abu ɗaya a duk irin katunan nan da na taɓa riƙewa: in an rubuta suna, na Baturen ne ko na gadar. Masu kwandon ba su da suna. Nakan sa ɗalibaina su ƙirga su kawai, su faɗi abin da ke jikinsu da abin da ke ƙafarsu. Galibi ba komai a ƙafar.

In kana son ka kwatanta da wasu hotuna, ga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a nan Kaduna, ga kuma Gidan Arewa a titin Rabah. Ka tafi da kwafi, ka bar na ainihi a gida. Kuma don Allah ka ɗauki bayan kowane hoto da na'urar sikana kamar yadda za ka ɗauki gabansa. Sau da yawa bayan ya fi gaban magana.

Ɗan Kabala:

Yaya, ni ba masani ba ne, amma a bakin kogin nan na girma. Gaskiyar Baba ce, babu inda ruwa ya matse haka a wajen gadar jirgi. In kana son ka gani da idonka, ka zo da safe wajen masu ɗibar yashi, ka ba ɗaya na goro ya kai ka ƙarƙashinta a kwalekwale. Amma ka jira ruwa ya ja, yanzu ba lokacinsa ba ne, mu da muka ga ambaliyar 2003 ba ma wasa da shi. Kuma ka gaisa da jami'an da ke wurin kafin ka ɗaga waya, kada a ɗauke ka wani abu daban.

Sannan kada ka yarda da hotunan Facebook ɗin nan. Akwai wani hoton gada guda ɗaya da na gani sau uku, wani ya ce Kaduna, wani ya ce Jebba, wani ya ce Makurɗi, har an shafa masa kala an mai da kogin shuɗi. Kogin Kaduna shuɗi! Da damina ruwan nan kamar kunun kanwa yake.

Jikan Direba:

Jama'a ku yi haƙuri da shirun da na yi, sai da na jira ruwa ya ja kamar yadda Ɗan Kabala ya ce. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta wa mahaifiyata maganarka ta busa. Ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi, irin kallon nan na "ai na gaya maka".

Ga abin da ya faru.

Ranar Asabar da sassafe na sauka bakin kogi. Wani dattijo mai ɗibar yashi ya yarda ya kai ni, bayan ya gama mamakin mutumin da zai biya kuɗi don a kai shi kallon gindin gada. Na sa kwafin hoton a leda. Muka shiga ƙarƙashi, ya kafe gorarsa ya tsayar da kwalekwalen, ni kuma ina ɗaga takarda ina kallon sama, ina juyawa gabas da yamma kamar mai neman wata. Daga ƙasa gadar ta fi yadda nake zato girma, tsatsa ta yi mata ja, tsuntsaye sun yi sheƙa a lungunan ƙarafan, ga alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin ginshiƙan, sama da kaina sosai. Amma ba ita ba ce. Gaɓar kogin a kwance take ta kowane gefe, babu waɗancan duwatsu da suka taso kamar bango. Dattijon ya karɓi takardar ya duba, ya nuna mutumin da ke cikin kwalekwale ya ce, "Wannan ba namu ba ne, dubi bakin jirginsa." Ni ban ga bambancin komai ba. Shi ya gani.

Da na dawo na bi shawarar Malama, na kai hotunan inda ake da sikana mai kyau, na tsaya a kansu ƙafa da ƙafa, na ce ko roba aka ambata zan kwashe kayana. Da aka buɗa bayan hoto na biyu a kwamfuta aka ƙara masa duhu, sai ga wani hatimi mai launin shuɗi da ya koɗe, wanda ido bai gani a takardar. Sunan mai hoton ya goge, amma layin ƙasa ana ganin haruffa uku na ƙarshe: NNA. Na kira mahaifiyata a waya nan take na ce, Umma, kakana ya taɓa zama a Minna? Ta yi shiru, sannan ta ce ai a can aka haifi babban yayansu, wanda ya rasu yana jariri, kafin a dawo da su Kaduna. Ta ce ba a cika maganarsa ba ne shi ya sa ba mu sani ba. Shekarata 38 ban taɓa jin ina da wannan kawu ba, sai ta dalilin hatimin mai hoto.

To Baba, hularka ta tsira. Ban je Zungeru ba tukuna, amma na sa a raina in hanya ta yi kyau zan je in tsaya inda mai hoton ya tsaya. Wanda ya san gari ya gaya mini ta inda ake sauka ƙarƙashin gadar.

Hoto na uku, motocin hagu suke bi. Na duba rubutun da ke goshin babbar motar, daidai yake karantuwa, ba a juye ba. Na ƙirga kekuna 41 kafin su haɗe su zama duhu ɗaya. Na so in gane ko kakana na ciki, sai na tuna shi ba masaƙa yake aiki ba, kuma ban san dalilin da ya sa ya ajiye hoton ba. Umma ta ce wataƙila don ƙaninsa ne, wanda ya yi aiki a Kakuri. Ta ɗora yatsa a kan wani mai farar riga ta ce shi ne, bayan minti biyu ta koma kan wani.

Katin leburorin na sa shi cikin ambulan na ajiye. Na ƙirga su kamar yadda Malama take sa ɗalibanta: 23, har da ukun da injin ya cinye wa fuska. Ɗaya yaro ne ƙarami, kwandon ya fi kansa faɗi.

Gamji kuwa tare da Umma muka je ranar Lahadi da la'asar. Gadar ce, ba ko tantama, har ƙarfen da kakata ta dafa mun gane. Ta fi yadda ta fito a hoto ƙanƙanta, taku kaɗan ka haye. Umma ta tsaya daidai wurin na ɗauke ta, tana ta faɗan wai na sa ta abin yara a gaban mutane. A mota muna dawowa ta karɓi hoton na ainihi tana dubawa, sai ta ce in tsaya. Na taka birki na zaci wani abu ne. Ta ce zanen da ke jikin kakata a hoton, mai zanen ganye, yana cikin adakar nan, shi ne na biyu daga ƙasa, da hannuna na ɗaga shi na ciro gwangwanin. Muna isa gida ta sa aka fito da shi. A hoto baƙi da fari ne, ashe kore ne da ruwan ɗorawa. Ta ninke shi ta sa hoton a tsakiya ta shige ɗaki da su, don haka yanzu hotuna 13 ne a wurina.